Ƙananan Hukumomin Bauci 27 Da Ba Su Cika Shekara Huɗu Ba

Duk wanda ya saba bi ta unguwar GRA ta Bauci bayan sallar isha'i ya san irin motocin da kan yi cincirindo a ƙofar gidajen manya da zarar an ji ƙishin-ƙishin za a ƙirƙiro sabuwar gunduma ko sabuwar ƙaramar hukuma. Dattawan ƙauye ne kan zo cikin manyan riguna, da takardar koke a hannu, da jerin sunayen garuruwa da kasuwanni, kowace ƙungiya tana neman a ce garinta ne hedkwata. Akan karɓe su hannu biyu, a sha shayi, a yi alkawari, a yi addu'a, su kama hanyar gida cikin dare. Babu laifi ga wanda ya nemi hukuma ta matso kusa da shi. Amma kafin a sake shimfiɗa taswira bisa tebur a ɗauki alƙalami, ya kamata masu zuwa da masu karɓar baƙin su tuna da ƙananan hukumomi 27 da aka taɓa haifa a tsohuwar Jihar Bauci a zamanin Jamhuriya ta Biyu, aka yi musu suna da kaɗe-kaɗe, sa'an nan aka binne su tun ba su yi wayo ba.

Yanka ƙasa daga nesa ba baƙon abu ba ne a nan. Tun da Turawa suka shigo Bauci a 1902, suka tuɓe Sarki Umaru, suka bar Mista Temple a matsayin Razdan, mazaunin masu mulki ya koma bayan ganuwa, kuma irin wannan mazauni na Razdan da Di'o da sauran ma'aikata shi ne ya zama GRA. Daga can aka tsara gundumomi, aka tattara garuruwan da a da suke warwatse a hannun masu sarauta dabam-dabam, aka umarci hakimai su bar birni su koma su zauna cikin ƙasarsu. A 1926 aka cire ƙasar Jos da kewayenta daga Lardin Bauci aka yi Lardin Filato, aka kuma ɗauko Katagum da Misau da Jama'are daga Lardin Kano aka haɗa su da Bauci. Ba a tambayi talaka ba, kuma babu mai cewa don ƙaunarsa aka yi. Haraji Bature yake nema. Sai dai neman harajin nan ya tilasta masa wani abu guda: ba ya kafa gunduma sai ya ƙidaya magidanta da shanu, ya san abin da za ta kawo wa Baitulmali da abin da za ta ci. Shi ya sa har yau ɗalibi zai je Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa da ke Kaduna ya tarar da rahotannin Lardin Bauci, gunduma bayan gunduma.

Mulkin En'e ya ci gaba a kan wannan tushe har bayan samun 'yancin kai, ko da yake a ƙarshen shekarun 1960 gwamnatin soja ta karɓe 'yan doka da kotuna da gidajen yari daga hannunta. Babban juyi ya zo a 1976. Ran 3 ga Fabrairu Janar Murtala Muhammed ya raba Jihar Arewa Maso Gabas gida uku, Bauci ta sami jiharta, da Muhammadu Bello Kaliel a matsayin gwamnan soja na farko. A cikin wannan shekara kuma Gwamnatin Tarayya ta fito da tsarin ƙananan hukumomi iri ɗaya ga ƙasa baki ɗaya, aka mai da sarakuna masu ba da shawara, aka ce majalisar da jama'a suka zaɓa ita ce za ta riƙe kuɗi da aiki. Ƙa'idar da aka shimfiɗa ita ce kada ƙaramar hukuma ta kasa mutum 150,000, kada kuma ta wuce 800,000, don ta iya ɗaukar nauyin kanta. Jihar Bauci ta sami 16: Akko, Alkaleri, Bauci, Darazo, Dass, Dukku, Gamawa, Gombe, Jama'are, Katagum, Misau, Ningi, Shira, Tafawa Ɓalewa, Tangale-Waja da Toro. Dass da Jama'are ba su kai adadin ba, amma da yake kowace masarauta ce mai cin gashin kanta tun da, sai aka bar su yadda suke. A watan Disamba na 1976 aka yi zaɓen kansiloli ba tare da jam'iyya ba. A ƙasa duka, ƙananan hukumomi 301 ne suka shiga cikin Tsarin Mulkin 1979.

Ran 1 ga Oktoba, 1979, mulki ya koma hannun farar hula, Alhaji Abubakar Tatari Ali na jam'iyyar NPN ya zama gwamnan Bauci. To, a nan ne labarin ya fara. 'Yan siyasa sun yi yawon neman ƙuri'a lungu-lungu, kuma a kusan kowane lungu abin da aka roƙe su shi ne a raba su da wata hedkwata mai nisa. Da suka hau, sai aka shiga biyan bashi. Kafin 1981 ta ƙare, ƙananan hukumomin Bauci sun tashi daga 16 sun koma 43. Kada mai karatu ya ɗauka cutar jam'iyya ɗaya ce ko ta jiha ɗaya. Jihar Legas ta UPN ta mai da 8 zuwa 23, Jihar Kaduna ta mai da 14 zuwa 70, sauran jihohi ma kowa ya ja nasa rabon, har adadin ƙasa ya haura 700. Kowane gwamna yana duban maƙwabcinsa, yana tsoron kada a ce shi ne marowaci.

Lissafin kuwa ba mai wuya ba ne. Ƙidayar 1991, watau shekara goma bayan an yi rabon, ta ba tsohuwar Jihar Bauci, har da Gombe, mutum wajen miliyan 4.3. In aka raba wannan gida 43, kowace ƙaramar hukuma za ta tashi da mutum 100,000 ne kawai, ƙasa da ƙa'idar 1976 da kashi ɗaya cikin uku. In haka ne a 1991, ina ga 1981? Kowace sabuwar hukuma kuwa, komai ƙanƙantarta, tana bukatar shugaba da kansiloli masu kula da sassa, da sakatare, da ma'aji, da shugabannin sashen ilmi da lafiya da ayyuka da gona, kowannensu da albashi da gida da abin hawa. Tuwon bai ƙaru ba, hannuwa ne suka ƙaru a cikin akushi.

Da ma a ce lokacin yalwa aka yi. A daidai wannan lokaci ne farashin man fetur ya karye a kasuwar duniya, har a watan Afrilu na 1982 Shugaba Shehu Shagari ya kawo dokar tsuke bakin aljihu. Dokar rabon arzikin ƙasa da ta fara aiki a wannan shekara ta ware wa ƙananan hukumomi kashi 10 cikin 100 na asusun tarayya, amma kuɗin ba ya zuwa hannunsu kai tsaye, sai ya bi ta asusun haɗin gwiwa da ke hannun gwamnatin jiha, kuma kowa ya san abin da kan sami nama idan ya bi ta hannun kura. A ɗaya gefen, haraji da jangali, waɗanda su ne ƙashin bayan Baitulmalin En'e tun zamanin Turawa, gwamnonin PRP na Kano da Kaduna sun soke su a 1979, wasu jihohin Arewa kuma suka bi sahu don kada a ci su da yaƙi a fagen siyasa. Talaka ya ji daɗin wannan, kuma yana da hujja, don ya sha wuya a hannun masu karɓa. Amma ba a kawo wani abin da zai maye gurbinsu ba. Bugu da ƙari, shirin ilmin firamare kyauta da aka fara a watan Satumba na 1976 ya cika makarantu da yara da malamai, kuma nauyin albashin malaman ya faɗo wa ƙananan hukumomi. A 1982 da 1983 malaman firamare a jihohi da yawa na ƙasar nan sun yi watanni ba su ga albashi ba. Hukumar da ba ta iya biyan malamin da ta gada, ta yaya za ta haƙa rijiya?

Abin da ya fi wannan muni shi ne ba a taɓa zaɓen kowa a cikinsu ba. Sashe na 7 na Tsarin Mulkin 1979 ya tabbatar da cewa majalisar da aka zaɓa ita ce za ta mulki ƙaramar hukuma. Amma da wa'adin kansilolin 1976 ya cika, gwamnoni sai suka naɗa kwamitocin riƙo, suka cika su da 'yan jam'iyyarsu, aka yi ta ɗaga ranar zaɓe har Jamhuriya ta Biyu ta faɗi ba a yi ba. Ke nan mutumin da aka ce an kawo wa hukuma ƙofar gida bai sami ikon zaɓen wanda zai riƙe ta ba, bai kuma sami ikon tuɓe shi ba. Shugaban riƙo ya san wanda ya naɗa shi, ya kuma san inda yake kwana. Saboda haka fuskarsa kullum tana duban Bauci, ƙauyen kuwa ya ba shi ƙeya. An rage wa talaka nisan tafiya zuwa ofis, amma maganar da ta shafe shi tana nan inda take, a falon wani babba a GRA.

Ta fuskar shari'a ma ƙafarsu ba ta taka ƙasa sosai ba. Sunayen ƙananan hukumomi 301 suna rubuce a jadawalin Tsarin Mulki, kuma lauyoyi sun yi ta jayayya ko majalisar jiha tana da ikon ƙara wasu ba tare da an gyara jadawalin ba. A Legas har kotu aka je a kan haka.

Ran 31 ga Disamba, 1983, soja suka dawo. A farkon 1984 gwamnatin Janar Muhammadu Buhari ta soke duk ƙananan hukumomin da farar hula suka ƙirƙiro, aka koma 301, aka naɗa kantomomi daga cikin manyan ma'aikata. A Bauci, inda Muhammadu Sani Sami ya zama gwamnan soja, 43 suka koma 16 da umarni guda daga Legas. Mutane da yawa sun yaba, suna cewa an kawar da ɓarna, kuma gaskiya ne aljihun gwamnati ba zai iya ɗaukar nauyin ba. Amma yadda ba a auna ba wajen kafawa, haka ba a auna ba wajen rushewa. Ba a tsaya an duba ko a cikin 27 ɗin akwai biyar ko goma da suka cancanci zama ba. An yi musu kuɗin goro, mai rai da matacce kabari ɗaya.

Mai karatu ya ƙaddara yana zaune a ɗaya daga cikin garuruwan da aka ba hedkwata. An yi biki, an yanka sa, an kafa allo a bakin hanya. Mai gidan da ya fi kyau a garin ya ba da haya an yi ofis. Wani ya ba da gonarsa don a gina sakatariya, an zuba yashi, an buga bulo. Ɗan kwangila ya ci bashi ya sayo kwano da siminti. Samari sun sami aikin masinja da direba da malamin kasuwa, wasu har sun yi aure a kan ƙarfin albashin. Mai shayi da mai tuwo sun kafa rumfa a gefen ofis. Rana ɗaya aka ji sanarwa a rediyo, aka zo da mota aka kwashe tebur da kujeru da fayil-fayil aka mai da su tsohuwar hedkwata, wurin mutanen da jiya-jiya aka yi musu gorin an rabu da su. Wa zai biya ɗan kwangila, alhali hukumar da ta sa hannu a takardarsa babu ita? Wa zai mayar wa mai gona gonarsa? Wannan asara ba ta shiga littafin kowa ba, kuma ba a GRA aka yi ta ba. Waɗanda suka zana layin, iyakarta sun canza kujera.

Abin mamaki, sojan da suka rushe su ne suka dawo suna ginawa. A 1984 aka kafa kwamitin Alhaji Ibrahim Dasuƙi ya duba tsarin ƙananan hukumomi, aka yi zaɓe a watan Disamba na 1987, sa'an nan gwamnatin Janar Babangida ta ƙara adadi a 1989 da 1991, Bauci ta tashi daga 16 zuwa 20, daga nan zuwa 23. A 1996 Janar Abaca ya cire Jihar Gombe, ya kai adadin ƙasa 774. Yau Bauci tana da 20, Gombe tana da 11, jimla 31 a ƙasar da a 1976 take da 16. A ɓangaren Bauci, Itas-Gadau da Ganjuwa da Zaki da Bogoro da Dambam da Giyaɗe da Kirfi da Warji duk a wannan tsakanin suka samu. Wannan ya nuna cewa kukan da mutane suka yi a 1979 ba na banza ba ne, kuma Tatari Ali, wanda kwalejin kimiyya da fasaha ta jiha take ɗauke da sunansa, bai ƙirƙiri bukatar daga iska ba. Hanya ce ta ɓaci, da gaggawa, da rashin lissafi.

Har gobe kuma masu koke suna da abin faɗa. Ƙaramar Hukumar Toro kaɗai ta kusa murabba'in kilomita 7,000, watau ta kusa ninka Jihar Legas sau biyu, Alkaleri kuma, wadda gandun dajin Yankari yake cikinta, ba ta yi nisa da haka ba. Mutumin da zai kashe yini da kuɗin mota mai yawa don karɓo takardar shaidar zama ɗan ƙasa ga ɗansa ba ya bukatar a yi masa lacca a kan tsimi. Ƙidayar 2006 ta ba Bauci mutum wajen miliyan 4.6, ta ba Jigawa wajen miliyan 4.3, amma Jigawa tana da ƙananan hukumomi 27, Bauci 20. Tun da yawan ƙananan hukumomi yana shafar abin da ke shigowa jiha daga asusun tarayya, dole Bauci ta ji an ƙware ta. Wannan magana ce ta gaskiya, kuma wurin kai ta shi ne Majalisar Tarayya.

Don kuwa Tsarin Mulkin 1999 ya rufe ƙofar da aka bi a 1981. Sashe na 8 ya shimfiɗa matakai: bukata daga wakilan yankin, ƙuri'ar jin ra'ayin jama'ar wurin da rinjayen kashi biyu cikin uku, amincewar majalisun ƙananan hukumomi da Majalisar Dokokin Jiha, sa'an nan Majalisar Tarayya ta shigar da sunan cikin jadawali. Jihar Legas ta gwada a 2003 da sababbi 37, Shugaba Obasanjo ya riƙe kuɗin ƙananan hukumominta, a 2004 Kotun Ƙoli ta ce riƙewar haramun ce, amma ta ce sababbin ba su cika ba sai Majalisar Tarayya ta yi nata aikin. Legas ta mai da su yankunan raya ƙasa, ta ci gaba da ciyar da su, don tana da kuɗin shiga na kanta. Jihar da ke jiran kason wata-wata daga Abuja ba ta da wannan gata. Ran 11 ga Yuli, 2024, Kotun Ƙoli ta sake yanke hukuncin cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, kuma kwamitin riƙo ba shi da gurbi a Tsarin Mulki. Waɗannan abubuwa biyu, kuɗi da zaɓe, su ne daidai abin da hukumomin nan 27 suka rasa tun ran haihuwarsu.

Da ƙofar ƙaramar hukuma ta yi wuyar buɗewa, sai hankali ya koma kan masarauta da gunduma, waɗanda dokar jiha kaɗai ta ishe su. Kano ta nuna inda wannan hanya kan kai. Gwamna Abubakar Rimi ya ɗaga darajar wasu sarakuna a 1981, Sabo Bakin Zuwo ya warware a 1983. Gwamna Ganduje ya kafa masarautun Bichi da Rano da Gaya da Ƙaraye a 2019, Gwamna Abba Kabir Yusuf ya soke dokar a 2024, daga baya aka dawo da uku a daraja ta biyu. A Bauci kuma, a 2025 Gwamna Bala Muhammad ya sa hannu a dokar da ta ƙara masarautu 13 a kan shida na da, tare da sababbin gundumomi masu yawa. Ba a yi wa kowa fatan rushewa. Amma abin da alƙalamin gwamna ɗaya ya rubuta, alƙalamin wani yana iya gogewa, sai fa in an kafa shi bisa yardar jama'a da aka auna a fili, da hanyar samun kuɗi da aka rubuta a doka, har ya zama mai son rushewa zai ji nauyin yi.

Saboda haka akwai aiki a gaban Majalisar Dokokin Jihar Bauci, kuma ba mai tsada ba ne. Ta sa a tattara tarihin hukumomin nan 27 a littafi ɗaya: dokar da ta kafa su, iyakar kowace, hedkwatarta, yawan ma'aikatanta, abin da ya shigo mata da abin da ta kashe, da bashin da ta bari. Gazet ɗin jiha yana nan, Ma'aikatar Ƙananan Hukumomi tana da ɗakin ajiya, ita ma Gombe tana da rabonta na takardun. Fiye da haka, akwai tsofaffin sakatarori da ma'aji da kwamishinoni na wancan zamani da suka rage, wasunsu suna zaune a cikin GRA ɗin nan, sun yi ritaya, kuma shekarunsu sun ja. Malaman tarihi na jami'o'in da ke jihar za su iya zama da su a ɗauki maganarsu tun ana iya samunta. Idan littafin ya fito, a ajiye kofi a gaban kowane kwamiti da za a ɗora wa duba koke-koken sababbin hukumomi, a kuma ba kowace tawagar dattawa da ta zo daga ƙauye nata, da Hausa, ta tafi da shi gida a karanta a gaban jama'a kafin a sa hannu a takardar koke.